Jinin Mai Keke Yana Wuyan Wa?

Karatu: Fitowa 21:28-34, Maimaitawar Shari'a 22:8, Nehemiya 3



Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu bi, mun kuwa gaji da jin ta. Mota ta buge mai keke a bakin kasuwa, ko babur ya ture yaro a hanyar makaranta, tun ba a zuba ƙasa a kan jinin ba an riga an yanke hukunci: kwanansa ne ya ƙare. Wani kuma ya ce aikin Shaiɗan ne. Sai a bi shi asibiti a yi addu'a. In rai ya yi halinsa a tafi gida a yi ta'aziyya, a yi waƙa, a tara gudummawa, a watse. Washegari ramin da ya so ya kauce wa yana nan baki buɗe, tulin sharar da ta tura shi tsakiyar titi tana nan har an ƙara mata, motar kuma ta koma lodi da birkinta marar ci. Ba wanda ya tambaya wa ya bar ramin, wa ya zuba sharar, wa ya saki motar.

Maganar Allah kuwa tana tambaya. Ku buɗe Fitowa sura 21 ku karanta da kanku. Mutum ya haƙa rami bai rufe ba, jakin maƙwabci ya faɗa ciki, shari'ar Musa ba ta ce kwanan jakin ya ƙare ba, cewa ta yi mai ramin ya biya. Mutum yana da sa mai tunkuyi, an sha faɗa masa, bai ɗaure shi ba, san ya kashe wani, to hukuncin bai tsaya kan san ba, ya hau kan mai shi har da ransa. Wanda ya gina sabon gida an umarce shi ya ja rawani kewaye da soron, domin in wani ya faɗo, alhakin jini yana kan gidan. Allahn da ya ƙidaya kwanakin kowa shi ne ya ba da waɗannan dokoki, bai kuwa ga sun yi karo da ikonsa ba. In har an nemi diyyar jaki a hannun mai rami, ina ga ɗan mutum da aka yi cikin siffar Allah?

Wanda yake cikin mota ba ya sanin titi. Mai keke ne ya san shi, domin shi yake bin gefe, gefen titi kuwa nan ne duk abin da gari ya ƙi yake taruwa. Da rani iska ta kwaso yashi ta jibge a bakin kwalta, tayar keke in ta shiga yashi sai ta yi ta rawa, kan keken ya ƙwace. Ledar fiya-wata da bawon rake da fasasshiyar kwalba da ƙusa duk a nan suke kwana. Lambatun da aka gina don ruwa ya cika da shara ya toshe, da an yi ruwan sama ɗaya sai ruwan ya hau titi, ya kwanta, ya ci kwaltar ta ƙasa, ya bar rami, ya kuma rufe ramin yadda ba mai ganinsa sai ya faɗa. Murfin kwalbati ya karye shekara da shekaru, an soka reshen itace a ciki wai alama. Ga mai tebur ya fito da tumatir har kan titi, ga mai gini ya sa tifa ta juye masa yashi da tsakuwa a hanya sun yi wata uku, ga tirela ta kwana a gefe ba fitila ba alama. Mai keke ya zo nan, ina zai bi? Dole ya karkata zuwa tsakiya, a tsakiyar kuwa gingimari ke jiransa. Shi ya sa muke haɗa maganar shara da maganar haɗari. Wanda ya juye kwandon shara a bakin titi da asuba, yana iya zama shi ya tura yaron da aka buge da azahar, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Ku dubi yadda Kaura take zaune. Tun 1929 da layin dogo ya iso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a nan, garin ya zama matattarar kaya, gyaɗa da auduga da fatu suna shiga jirgi. Jirgi ya yi sanyi, kaya duka suka koma kan manyan motoci. Mai zuwa Shinkafi daga Gusau ta nan zai bi, mai zuwa Zurmi da Jibiya ma haka. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda take nan tun 1983, ga 'yan firamare da sakandare, ga 'yan ga-ruwa da kurarsu, ga amalanke, ga a-daidaita-sahu, ga 'yan kabu-kabu, duk a kan kwalta ɗaya da motar da ta ɗauko buhu ɗari shida. Wanda ya taɓa shiga Shinkafi ranar Alhamis, ranar kasuwa, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Su wa ke kan keken nan yanzu? A watan Satumba na 2021, da gwamnatin jiha ta ɗauki matakan tsaro, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai da zirga-zirgar babura, mutane da yawa suka jawo tsoffin kekuna daga bayan ɗaki suka kai wa mai faci. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Malamin firamare ya jingine babur. Mai gadi ya koma keke, ɗan koyon sana'a ya koma keke, dattijon da ke zuwa gonar bayan gari, in an sami damar zuwa, da keke yake zuwa. Yawancin masu zama a bencin majami'unmu ranar Lahadi cikin waɗannan suke. Ke nan maganar gidanmu muke yi.

Mun san abin da wasu za su ce, sun ma fara faɗa. Za su ce: Fasto, 'yan bindiga suna kashe mutane, ana kwasar jama'a a hanya ana neman kuɗin fansa, ƙauyuka sun tashi, gonaki sun zama kufai, kai kuma kana mana wa'azin keke da shara? Ba mu raina wannan magana ba. Babu gidan da wannan masifa ba ta taɓa ba a Zurmi da Shinkafi, mun yi jana'iza, mun yi azumi, mun kwana a ƙasa muna roƙo, ba kuwa za mu daina ba. Amma ku lura da abin da wannan hujja take koya wa zuciya. Tana cewa tun da akwai babbar mutuwa, ƙaramar mutuwa ba ta cancanci a kula da ita ba. To wace ce ƙaramar mutuwa? Uwar da mota ta take ɗanta a gaban makaranta, kukanta ya fi na wadda aka harbe nata sauƙi ne? Iyali sun gudo daga ƙauye da kayan jikinsu, sun tsira daga bindiga, sun shigo gari, yaransu ba su taɓa zama kusa da kwalta ba, ba su san yadda ake ƙetare titi ba, sai gari ya ƙarasa abin da daji ya fara. Wannan kuwa abin kunya ne a kan garin.

Akwai kuma wani bambanci. Matasan zumunta ba su da jirgin yaƙi, ba su da ikon tura soja dajin da ke tsakanin Zurmi da Jibiya. Amma shebur da tsintsiya da baro suna cikin ikonmu, takarda da biro suna cikin ikonmu, ƙafar da ke kan totur ma tamu ce. Wanda ya ce ba zai taɓa abin da yake iyawa ba sai an gama abin da ba ya iyawa, hutu yake nema, ya sa masa rigar juyayi. Kada kuma a manta, kwatar da ke tura mai keke tsakiyar titi ita ce ke haifar da sauro, ita ce ke malala cikin rijiya. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya bisa ƙididdigar hukumar NCDC, ya kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ku tambayi masu aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda likitocin ƙungiyar MSF suka daɗe suna taimakawa, yadda gadajen yara ke cika da zazzaɓi duk damina.

Sai kuma masu cewa haɗari daga aljanu ne. Duk shekara da an shiga Satumba zuwa Disamba sai a fara addu'o'in ɗaure ruhohi masu shan jini a hanya, a shafa wa sitiyari mai, a manna takarda mai ɗauke da aya a gilashin baya. Mun gaskata akwai Shaiɗan, mun kuma gaskata da ikon addu'a, kada wani ya fita ya ce Fasto ya ce a daina addu'ar tafiya. Amma ƙarshen shekara lokacin kaka ne, lokacin bukukuwa da tafiye-tafiye, direba yana so ya yi sawu uku a ranar da ya saba yin biyu, ga hazo ya rufe hanya, ga barci, ga ƙwayar da wasu ke sha don su kore shi. Wane aljani ake nema bayan waɗannan? Shaiɗan da kansa, da ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali, aya ya jawo masa, ya ce ya yi tsalle mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Mutumin da ya san birkinsa ba ya ci, ya san tayarsa ta suɗe, ya yi addu'a ya taka mota da gudu cikin kasuwa, tsallen da Yesu ya ƙi yi ne ya yi, sai dai shi da ran wasu yake yin nasa.

Ku tuna da Bulus a cikin jirgin ruwa, Ayyukan Manzanni 27. Allah ya riga ya yi masa alkawari cewa cikin mutum 276 ba wanda zai hallaka. Duk da haka da ya ga matuƙan suna shirin sulalewa, sai ya gaya wa jarumin sojan cewa in waɗannan suka tafi ba mai tsira. Bai ga saɓani tsakanin alkawarin Allah da aikin matuƙi ba. Nehemiya ma da maƙiya suka taso, addu'a ya yi ya kuma sa matsara dare da rana. Wannan ita ce bangaskiyar da muka karɓa. Waccan ta naɗe hannu a ce haka Allah ya so, ba daga Littafi Mai Tsarki aka samo ta ba.

Yanzu bari mu taɓa inda ke da ciwo. A majami'u da yawa, wanda ya sayi mota yakan fito gaba ya ba da shaida, a yi guɗa, a fita waje a kewaye motar a keɓe ta. Madalla, muna taya shi murna. Amma yaushe rabon da ku ji wani ya tashi ya gode wa Allah don keke? Kunya yake ji. Yakan ɓoye shi bayan ɗakin makarantar Lahadi don kada a gani. Akwai masu wa'azin da suka mai da keke abin misalin talauci da la'ana, suna ihu cewa bana za ka tashi daga keke ka hau jif, jama'a suna amin. Akwai 'yan matan da in saurayi ya zo zance a kan keke, labarin ya ishe su dariyar mako guda. Yakubu sura 2 ta yi magana a kan wanda ake ba kujera mai kyau don zobensa da wanda ake ce wa ya tsaya can don tsummansa. Wannan tara ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba, ta bi mu har titi. Direban da ya saba ganin mai keke a matsayin wanda bai ci gaba ba, ba zai ba shi hanya ba. Zai matsa masa ham har ya faɗa kwata, ya leƙo ta taga ya ƙara masa da zagi. Raini ne yake fara tuƙi kafin ƙafa ta taka totur.

Abin mamaki, a kan keke bishara ta iso ƙauyukan Arewa da yawa. Ku tambayi dattawanku. Masu bishara na farko da malaman asibitin mishan da 'yan Sabon Rai, Raleigh suke hawa, Littafi da littafin waƙoƙi a ɗaure a kariya, famfo a jikin ƙarfe, su yi tafiyar yini cikin yashi don su kai wa mutum biyar Magana a gindin itace. Keke a lokacin abin alfarma ne, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Jikokin waɗanda aka kai wa bishara a kan keke su ne yau ke yi wa mai keke dariya.

A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, ya kuma fara da kansa a Abuja. Wata bas ta ture shi cikin rami. Ƙasa ta kwashe da dariya, aka yi ta zane a jaridu, magana ta mutu a nan. Ba a tsaya an ce, in minista da 'yan rakiya bai tsira a titin Abuja mai faɗi ba, yaya ɗan makaranta a Kaura? Mutanen Holan sun sha irin wannan, amma ba dariya suka yi ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe musu mutum wajen 3,300, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito da gangami mai suna a daina kisan yara, suka tare tituna, suka dami 'yan majalisa, har aka fara ware wa keke hanyarsa, aka rage gudu a unguwanni. Yau masu mutuwa a titunansu a shekara ba su kai rubu'in wancan adadi ba, ko da yake motoci sun ƙaru ƙwarai. Ba mu ce Zurmi za ta zama Amsterdam ba. Abin lura shi ne iyaye ne suka fara, gwamnati ta biyo baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, Afirka kuma ita ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Ta ce tsakanin shekara 5 zuwa 29 babu abin da ke kashe mutane a duniya kamar haɗarin hanya. Ku sake karanta shekarun nan. Shekarun 'yan makarantar Lahadi ne da 'yan zumuntar matasa.

Gudu kuwa shi ne uban tafiyar. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya gama ganin yaro ya ɗaga ƙafa ya kai birki ta riga ta wuce tsawon ɗaki uku ko huɗu. A gudun 30, mita 8 ne. Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi ya sa taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm a Fabrairu 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cakuɗa da masu ƙafa da masu keke. Dokar hanya ta ƙasarmu ta ce 50 a cikin gari, wa ma yake bin ta?

To wa ke da alhakin gyara? Mutane da yawa in an yi maganar titi sai su ce sai Gusau, sai Abuja. Ku nemi kundin tsarin mulki na 1999 ku duba Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Gina tituna na cikin gari da kula da su, fitilun titi, magudanan ruwa, kwashe shara, bayan gida na jama'a, kasuwanni da tashoshin mota, duk suna ciki. Har ba da lasin keke da amalanke da baro yana ciki, tsofaffi kuwa suna tuna zamanin En'e da ake biyan kuɗin lambar keke, da zamanin duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa. Hukumar da doka ta ba ikon karɓar kuɗi a hannun mai keke, dokar nan ce ta ɗora mata gyaran hanyar da zai bi. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Ko hukuncin ya gama aiki ko bai gama ba, kansila da shugaban ƙaramar hukuma suna nan cikin gari, mun san gidajensu, sun kuma san ƙofofinmu lokacin zaɓe.

Abin da muke nema ba gadar sama ba ce. A yashe lambatu kafin ruwan farko, a kuma kwashe abin da aka yaso a ranar, domin al'adar tara shi a bakin kwata har ruwa ya mayar da shi ciki wasa da hankali ne. A rufe kwalbatocin da suka buɗe. A ware wurin zuba shara a kowace unguwa, mota ta riƙa zuwa a ranar da aka sani, don wanda ba a ba shi juji ba titi zai mayar juji. A yi tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti da alama, a gaban makarantu da asibiti da kasuwa da wuraren ibada, masallaci da majami'a duka, a maimakon kututture da tudun ƙasa da mutane ke jibgawa cikin fushi bayan an yi haɗari, waɗanda su ma kan kayar da mai babur da dare. A nema wa manyan motoci wurin kwana a bayan gari. A ja wa masu tebur layi, amma a ba su wuri, kada a kore su da bulala a bar su da yunwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda ke aiki tun 1988, da ZAROTA ta jiha, a gayyace su makarantu su koyar, kada yara su san su a wurin kamu kaɗai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, ga dalili a hannu na tara yara a yi musu darasi sau ɗaya a shekara, in an rasa wani.

Masu keke, ku ma ba ku tsira daga wannan wa'azi ba. Akwai mai hawa ba birki, tafin silifa ne birkinsa. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci, wai don ya riƙa ganinsu. Akwai mai fita da dare da baƙar riga, ba fitila, ba abin ƙyalli a baya, yana tsammani tun da shi yana ganin mota, mota ma tana ganinsa. Akwai yaran da ke kama bayan tifa tana jan su. Akwai mai karya kwana ba waiwaye ba miƙa hannu. Uban da ya saya wa yaro keke bai koya masa hanya ba, bai gama sayayya ba. Robar birki da ƙararrawa da ɗan abin ƙyalli ba su kai kuɗin katin da wasu ke zuba wa waya a mako ba.

Ku kuma samarinmu masu babur, musamman ranar ɗaurin aure. An fito daga sujada, an sa wa ango da amarya albarka, sai a hau titi ana tseren banza, ana kwanciya a kan babur, ana ɗaga tayar gaba, mutum uku huɗu a sirdi ɗaya ba hular kwano. Maƙwabta suna kallo, sun kuma san daga wace majami'a aka fito. Wace shaida ke nan? Mai kaɗa jita ranar Lahadi, in ya ture tsohuwa ranar Litinin ya gudu, duk unguwa ta karanta wa'azinsa.

Wani zai ce, mu 'yan tsiraru ne a nan, wa zai saurare mu, gara mu yi shiru mu zauna lafiya. Mun san wannan tsoro, mun kuma san inda ya samo asali. Amma Irmiya ya rubuta wa mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, a sura 29, ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin da suke ciki su yi masa addu'a, domin lafiyarsu a ɗaure take da tasa. In an faɗa wa bayi haka, balle mu da ba a kamo mu ba. Wasunmu nan aka binne cibiyarsu, wasu aiki ko karatu ko kasuwa ya kawo iyayensu, duka dai nan muke shan ruwa. Kwata kuwa ba ta tambayar addini, tirela ma haka. Maƙwabtanmu Musulmi suna da koyarwa a addininsu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya aikin lada ne, mu kuma Littafin Firistoci 19 ya hana mu sa abin tuntuɓe a gaban makaho. Ga wuri ɗaya da za a tsaya kafaɗa da kafaɗa ba tare da kowa ya bar abin da ya gaskata ba. Sai dai a bi ta ƙofa. A fara gaida mai unguwa, a sanar da limamin unguwa, a nemi samarin majalisar bakin titi, a je da ladabi ba da tuta ba. Takardar da ta isa sakatariya da sa hannun mai unguwa da liman da fasto da shugaban 'yan kabu-kabu, ba a jefa ta kwandon shara da sauƙi.

Nehemiya sura 3 sura ce da masu karatu kan tsallake saboda sunaye, amma ku daure ku karanta ta a zumuntarku ta wannan mako. Za ku ga firistoci da maƙeran zinariya da masu turare da 'yan kasuwa kowa da sashensa, da yawa kuma daura da ƙofar gidansu suka gyara. Za ku ga Shallum, mai mulkin rabin Urushalima, yana aiki tare da 'ya'yansa mata, saboda haka 'yan mata, kada wani ya ce muku wannan aikin maza ne. Za ku ga manyan Tekowa da suka ƙi sunkuyawa su yi aiki, an kuwa rubuta ƙin nasu ya zauna har yau. Za ku kuma ga Ƙofar Juji, inda ake fitar da sharar birni, wanda ya gyara ta Malkiya ne, shi ma mai mulkin gunduma guda.

Saboda haka kowace zumunta ta fara da abin da ke daura da ƙofarta. Ku ɗauki titin da ya wuce gaban majami'arku, daga kwana zuwa kwana, ku bi shi da ƙafa da littafi a hannu. Ku rubuta kowane rami, kowane kwalbati marar murfi, kowane wurin da shara ko yashin gini ya ci gefen hanya, da inda yara ke ƙetarewa. Abin da shebur zai iya, ku sa rana ku yi shi da safe kafin rana ta yi zafi, ku kuma tanadi baro da inda za a kai sharar tun kafin a fara. Abin da ya fi ƙarfin shebur, ku rubuta shi a takarda ɗaya, da kwanan wata, ku kai wa kansila, ku riƙe kwafi, bayan wata guda ku koma ku tambaya. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin Boys' Brigade da Girls' Brigade su ware minti goma su koya wa yara hannun da ake bi, da yadda ake miƙa hannu kafin kwana, da dalilin sa farar riga da dare. Ma'aji kuma ya kawo wa kwamiti lissafin abin da za a kashe a gayyato mai gyaran keke ranar wata Asabar, ya zauna a harabar majami'a da kayan aikinsa, duk yaron unguwa da ya zo da keke, namu da na maƙwabta, a ɗaure masa birki a manna masa abin ƙyalli a baya kyauta.